Sauya tayar mota a Birnin Ƙonni: abin da ya kamata a duba kafin a biya kuɗi

Birnin Ƙonni gari ne na mahaɗar hanyoyi. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta ratsa shi, kimanin kilomita 420 daga Yamai, ta wuce Tsarnawa da Malbaza da Galmi ta nufi Maraɗi. Daga Tsarnawa hanyar Tawa ke rabuwa ta bi ta Badagishiri cikin gundumar Illela, a kudu kuma ga iyakar Najeriya da hanyar Sakkwato. Motocin fasinja, manyan motocin albasar Galmi da na simintin Malbaza, duka a kan kwalta ɗaya suke gudu. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kwaltar kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. A irin wannan wuri, zaɓen taya magana ce ta kuɗi, kuma magana ce ta rai.

Daga ina tayoyin ke zuwa

A da akwai masana'antun taya a Najeriya, amma Michelin ya rufe tasa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi bayansa a Legas a 2008. Tayoyin da ake gani a shagunan yankin a yau galibi daga ƙetare suke, ta tashoshin jiragen ruwa na gaɓar teku. Rufe iyakoki da ya biyo bayan 26 ga Yulin 2023 ya dagula hanyar Kwatano zuwa Gaya, wadda ƴan kasuwar Nijar suka daɗe suna dogara da ita, ya kuma ƙara nisan da kaya ke yi kafin su iso.

Kasuwar ta kasu kashi uku. Akwai tsofaffin sunaye masu tsada irin su Michelin, Bridgestone, Goodyear da Continental. Akwai masu matsakaicin kuɗi irin su Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu da Maxxis na Taiwan, sai na ƙasar Sin irin su Triangle, Linglong da Westlake. Kashi na uku su ne na hannu, waɗanda aka kwanto daga motocin Turai. Dokar kwastan ta Najeriya ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, abin da ya kamata mai niyyar sayo su a ƙetaren iyaka ya sani.

Karanta rubutun jikin taya

Duk bayanin da mai saye ke buƙata yana rubuce a gefen taya. A ɗauki misalin 195/65 R15 91H, girman da ake yawan gani a kan Toyota Corolla. Lambar 195 faɗin tayar ne da milimita. Lambar 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin. Harafin R na nuna ginin radiyal ne, wanda Michelin ya yi wa rajista a 1946, kuma shi ne ginin kusan duk tayoyin ƙananan motoci a yau. Lambar 15 girman janti ne, wato ƙarfen da tayar ke zama a kansa, da inci.

Abin da aka fi mantawa shi ne na ƙarshe. Lambar 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615. 88 kilo 560 ne, 95 kilo 690, 100 kuma kilo 800. Harafin da ke biye iyakar gudu ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ana iya sa taya mai lambar nauyi sama da wadda kamfanin mota ya rubuta, amma ba a sa ta ƙasa.

Motocin haya irin su Toyota Hiace na buƙatar taya mai harafin C, kamar 195 R15C 106/104, wadda ke ɗaukar kilo 950. Wanda ya ɗaura wa irin wannan mota tayar ƙaramar mota don ta fi araha, sannan ya cika ta da fasinja da buhuna a sama, ya ɗora wa tayar abin da ba a ƙera ta dominsa ba tun kafin ya bar tasha.

A kan tayoyi da yawa akwai kalmar Temperature, da harafin A, B ko C a gabanta. Ma'aunin jure zafi ne na ƙasar Amurka, kuma A ne mafi ƙarfi. A yanayin jihar Tawa, mai A ko B ta fi dacewa.

Shekarun taya

Roba na tsufa ko da ba ta taɓa ƙasa ba. A nemi haruffan DOT, a bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 1823 na nufin mako na 18 na 2023, wato farkon watan Mayu. Sau da yawa lambar a gefe ɗaya kawai take, don haka sai an juya tayar. Idan lambobi uku ne kawai, an ƙera ta kafin shekarar 2000. Idan an kankare wurin, a bar ta ga mai ita.

Babu adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi game da ƙarshen rayuwar taya. Michelin na ba da shawarar a riƙa kai ta wurin masani kowace shekara bayan ta cika 5, a cire ta idan ta kai 10 komai kyan zanenta. Wasu kamfanonin mota sun tsaya a shekara 6. Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, shekara 4 take faɗa wa direbobi, kuma wannan ya shafi duk mai shiga Sakkwato da mota. Tun da zafi da hasken rana na saurin busar da roba, ɗaukar adadi mafi ƙanƙanta ya fi hikima a nan. Sabuwar taya da ta yi shekara biyu ko uku a jingine bakin shago cikin rana ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta.

Tayar hannu

Ba kowa ke da kuɗin sababbi huɗu ba, kuma akwai tayar hannu mai sauran amfani. Matsalar ita ce ba a san abin da ta gani ba. Kafin a biya, a duba shekararta. A leƙa cikinta a ga ko akwai faci, ko baƙin garin roba, alamar an taɓa gudu da ita babu iska. A shafa gefenta a ji ko akwai kumburi, a matsa a ga ko ƙananan tsagu za su buɗe. A duba bakin da ke kama janti kada ya zama ya yage.

Abu biyu na buƙatar kulawa ta musamman. Na farko tayar hunturu, mai hoton dutse mai kai uku da ƙanƙara a ciki. An yi robarta da taushi don sanyin da bai kai digiri 7 ba. Zanenta mai zurfi na jan ido, amma a kwaltar Ƙonni tana saurin cinyewa, birki kuma na ƙara nisa. Na biyu tayar da aka sake yanka wa zane da wuƙa mai zafi. Wannan aiki an yarda da shi ne kawai ga tayoyin manyan motoci da kamfani ya rubuta wa Regroovable. A ƙaramar taya, yankan na isa kusa da wayoyin ciki.

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Ga lissafi na misali, ba farashin kasuwa ba: tayar jika 40 da ta yi kilomita 40,000 ta ci sefa 1 a kowace kilomita. Ta jika 15 da ta ƙare a kilomita 10,000 ta ci sefa 1 da rabi, ban da kuɗin faci da ranar aikin da aka rasa a bakin hanya.

Iska: inda aka fi kuskure

Adadin iskar da ya dace yana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Gejin wasu masu faci da bar yake aunawa, na wasu da PSI. Bar 1 ya yi kusan PSI 14.5, wato bar 2.2 daidai yake da PSI 32. Ana awo da safe kafin mota ta yi tafiya, aƙalla sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya.

Direbobi da dama na rage iska lokacin bazara don kada taya ta fashe. Akasin haka ne ke faruwa. Tayar da iskarta ta gaza tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi a ciki, zafin na raba roba da waya har ta tarwatse. Ƙaruwar iska yayin tafiya abu ne da masu ƙera taya suka sa cikin lissafi, don haka ba a sace iskar taya mai zafi. Wanda ya rage iska don ya ratsa rairayi a hanyar ƙauye ya mayar da ita da zarar ya hau kwalta.

Abin da shekaru ke nunawa

Sabuwar tayar ƙaramar mota na zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8. A cikin ramukan zanen akwai ƴan tudu masu tsayin milimita 1.6, ana gane wurinsu da haruffan TWI ko ɗan kibiya a gefe. Idan zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare. Suɗaɗɗiyar taya na iya wuce rani ba a lura ba, sai ruwan farko na damina ya sauka kan ƙura da man da suka taru a kwalta, nan ne mota ke ƙin jin sitiyari. Shi ya sa sauya taya kafin watan Yuni ya fi jira.

Yadda taya ta cinye na faɗin ciwon mota. Idan tsakiya ce ta suɗe, iska ta yi yawa. Idan gefe biyu ne, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce kima. Idan gefe ɗaya ne, ƙafafun motar sun kauce, sai an daidaita su a gareji, abin da ramuka da gargadar hanyoyin jar ƙasa ke yawan jawowa. Idan cin ya zo tudu da kwari, a duba shokazoba. Sabuwar taya a kan motar da ba a gyara wa wannan ba, hanyar tsohuwar za ta bi.

A motoci masu ja da gaba, tayoyin gaba sun fi saurin ƙarewa. Musanya gaba da baya kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000 na daidaita cin. Idan biyu kawai za a iya saye, kamfanonin taya na ba da shawarar a sa sababbin a baya, domin zamewar baya ta fi wuyar kamawa ga direba. Biyun da ke gefe da gefe su zama iri ɗaya, girma ɗaya.

Ƙusa ko ƙayar aduwa da ta huda saman taya ana iya gyara ta, muddin ramin bai wuce milimita 6 ba, kuma facin ciki ya fi na tura igiyar roba daga waje aminci. Yanka ko kumburi a gefe ba ya gyaruwa, domin zaren da ke riƙe tayar ne ya tsinke. Zura tib a ciki ɓoye ciwon kawai yake yi. Fetur da baƙin mai na cin roba, don haka kada a ajiye galan kan safaya. Ita ma safayar tana tsufa a inda take, kuma tana son awon iska kamar sauran.

Ranar saye

Mai mota ya rubuto girma da lambar nauyi daga takardar ƙofa kafin ya fito gida, kada ya dogara da tayar da ke ɗaure, don mai yiwuwa wani ya taɓa sauya ta da ba daidai ba. Ya karanta DOT na kowace taya da idonsa. Ya sa a sauya bawul, a daidaita nauyin ƙafar a na'ura idan akwai, a kuma lura da kibiyar juyi ga tayoyin da ke da ita. Ya karɓi rasit mai ɗauke da suna da girman tayar, ya rubuta kilomitar motar a bayansa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake ɗaure notoci. Wannan ƴar takarda ce za ta gaya masa, bayan shekara biyu ko uku, ko tayar ta biya kuɗinta.