Hatsi da Kan Iyaka: Taimakon Juna Tsakanin Gwamnatocin Sahel a Farin 1973 da na 1984

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a nuna cewa idan masifa ta auku, samun hatsin agaji ya fi sauƙi bisa ga samun hanyar da zai bi ya isa ga mabukata. Za mu kafa hujja da fari biyu da suka auka wa yankin Sahel.

2.0 Farin 1968 zuwa 1974

Ƙarancin ruwan sama ya soma tun 1968, ya kai maƙura a 1973, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka zama wayam. A watan Satumba na 1973 ƙasashe shida, watau Nijar, Cadi, Mali, Muritaniya, Senigal da Volta ta Sama (Burkina Faso ta yau), suka kafa hukumar CILSS a Wagadugu domin su nemi taimako da murya ɗaya. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don lura da damina da amfanin gona.

Sai dai huɗu daga cikin shidan ba su da gaɓar teku. Hatsin da Amurka da ƙasashen Turai suka aiko ya taru a tashoshin Dakar, Abijan, Kwatano da Ikko yana jiran layin dogo da manyan motoci, har aka koma jigilar wani kaso da jiragen sama zuwa irin su Agadas da Tambutu. Rabon ma ya zama abin tuhuma: yana cikin dalilan da sojoji suka bayar sa'ad da Seyni Kountché ya hamɓarar da Diori Hamani ran 15 ga Afrilu, 1974.

3.0 Farin 1984 da Rufe Iyaka

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya na tudu saboda canjin kuɗi, ba a kuwa buɗe su ba sai a Maris na 1986. Wannan ya zo daidai da fari mai tsanani. Kasuwannin Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka saba cike giɓinsu da gero da dawa daga Kano da Katsina, suka rasa madogara, har talakawan can suka laƙaba wa yunwar sunan El-Buhari. Hatsin agajin Cadi kuwa mafi yawansa ta Kamaru ya bi, daga Duwala zuwa Ngaundere a jirgin ƙasa, sannan a mota. A 1985 aka gina gada a kan kogin Logone tsakanin Kuseri da Njamena, ta maye gurbin jirgin fito.

4.0 Kammalawa

Darasin bai ɓace ba gaba ɗaya. A 2013 shugabannin ECOWAS suka amince da kafa rumbun ajiyar abinci na yanki, wanda arewa maso gabashin Nijeriya ta amfana da shi a 2017. To amma a Janairun 2025 Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar. Abin da ya kamata mahalarta wannan taro su yi nazari a kai shi ne: idan fari ya dawo, wace yarjejeniya ce za ta lamunce wa buhun hatsi ƙetare iyaka ko da shugabanni ba sa ga-maciji da juna?