Rariya, Wata da Tiren Zaƙi: Tarihin Azumin Matan Indiya da Muka Sani a Fim

Duk wanda ya taɓa zama a bencin gidan kallo, ko a Kano ko a Birnin Kudu ko a nan Farin Dutse ta ƙasar Gwaram, ya san wannan fitowar: mace ta ci ado da jan tufafi, ta hau soro da dare, ta ɗaga rariyar tankaɗe tana hangen wata ta cikinta, sa'an nan ta juyo da rariyar kan fuskar mijinta, shi kuwa ya ba ta ruwa a baki. Mun kalla har mun haddace, amma kaɗan ne daga cikinmu suka nemi sanin sunan abin, balle asalinsa. Sunansa Karwa Caut, kuma fim ya nuna mana rabinsa ne kawai.

Karwa ɗan tulun ƙasa ne mai baki irin na buta, caut kuwa na nufin rana ta huɗu. Ana yin bikin kwana huɗu bayan cikar wata a watan Kartik na kalandar mabiya addinin Hindu, wanda kan faɗo tsakanin Oktoba da Nuwamba. Matan aure kan kame baki daga ci da sha tun fitowar rana har fitowar wata, wajen ƙarfe takwas na dare, da fatan tsawon rai ga mazajensu. Da yamma sukan zauna da'ira su saurari labarin Birabati, amaryar da yayyenta maza bakwai suka ji tausayinta, suka yaudare ta da hasken da ya yi kama da wata, ta sha ruwa kafin lokaci, sai ga labarin rasuwar mijinta.

Asalin al'adar arewa maso yammacin Indiya ne: Panjab, Haryana, Rajastan da yankin Delhi. Masana sun kawo dalilai daban-daban na samuwarta. Wasu sun danganta ta da lokacin shukar alkama, domin a wannan watan ake soma ta a can. Wasu sun ce lokaci ne da maza kan fita yaƙi ko fatauci bayan ɗaukewar damina. Wasu kuma sun dubi halin amarya da aka kai garin da ba ta san kowa ba, wadda kan ƙulla ƙawance da wata mace ta zame mata 'yar'uwa, suna musayar tuluna cike da kyauta. Wannan bayani na ƙarshe shi ya fi dacewa da abin da kayan zaƙin bikin ke nunawa.

Kafin asuba, uwar miji ce ke shirya wa surukarta abin da suke kira sargi, kwatankwacin sahur a wurinmu. A cikinsa akwai feni, wata taliya siririya kamar zare da ake jiƙawa a madara da sukari, da matiri, wato soyayyen fulawa mai ƙaras-ƙaras, da kwakwa da busassun 'ya'yan itace. Daga gidan iyayen amarya kuma ana aiko da baya, tiren kayan zaƙi da tufafi, wanda ita amaryar za ta miƙa wa uwar mijinta. Haka abin yake a bikin Tij na tsakiyar damina, wanda 'yan mata ma kan azumta don neman miji nagari: a Rajastan iyaye kan aika wa 'yarsu da gewar, wani faifan soyayyen fulawa mai huji-huji kamar saƙar zuma, wanda ake tsomawa a ruwan sukari. Ashe azumin da sunan miji ake yinsa, amma zaƙin tsakanin mata yake yawo. Saƙo ne daga gida zuwa gida: ga 'yarmu nan, ba mu yar da ita ba, a riƙe ta da kyau.

Sinima ce ta sauya wa bikin fuska. A 1995 Aditya Chopra ya fitar da Dilwale Dulhania Le Jayenge, inda Kajol ta yi azumin domin saurayin da take so, shi ma Shah Rukh Khan ya ƙi cin abinci don taya ta. Hum Dil De Chuke Sanam na 1999 da Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 da Baghban na 2003 duk sun maimaita fitowar. Daga nan al'adar yanki guda ta bazu cikin biranen Indiya da gidajen Indiyawa mazauna ƙetare, 'yan kasuwa suka mayar da ita lokacin cinikin gwal da tufafi, aka tura uwar miji da tulun ƙasa gefe, aka bar masoya biyu da wata.

A wannan siffa ta iso gare mu. 'Yan kasuwa Kwarori ne suka soma kawo finafinan Indiya sinimomin Arewa tun wajen shekarun 1950, Mother India na 1957 ya yi farin jini na shekaru masu yawa, kamar yadda Brian Larkin ya bi diddigi a littafinsa Signal and Noise na 2008. Kaset ɗin bidiyo da janareta suka kai su ƙauyuka, fassarar Hausa kuma ta ƙarasa aikin a wayoyin hannu.

Ta fuskar ibada babu abin da ya haɗa mu da wannan azumi. Musulmi don Allah yake azumi, kuma ganin jinjirin wata alamar lokaci ne a gare shi. Amma ta fuskar tire akwai dangantaka mai tsawo, kalmominmu ma shaida ne. A Indiya aka fara daskarar da ruwan rake ya zama ƙwaya, sunansa sharkara a harshen Sanskirit. Farisawa suka ce shakar, Larabawa suka ce sukkar, mu muka ce sukari. Alewarmu da halwar Indiyawa duk daga kalmar Larabci guda suka fito. Alkama da alkaki su ma ta Sahara sunayensu suka ratso.

Kuma aikin da zaƙin ke yi iri ɗaya ne. Idan aka kai amarya daga Farin Dutse zuwa Birnin Kudu, gara kan biyo ta: alkaki da nakiya da dublan, da shinkafa da man shanu. Matan dangi ne ke kwana suna kwaɓi da suya, su ne ke ɗauka su kai, dangin ango mata ne ke karɓa su rarraba gida-gida. Nakiya da alkaki sukan yi watanni ba su lalace ba, saboda haka amarya na da abin fita kunyar baƙo tun ba ta saba da murhun gidan ba.

Abin da ya faru da Karwa Caut darasi ne a nan. Da ma'anar tiren ta dushe, tsadarsa ce ta rage. Mu ma yau akwai uban da ke sayar da amfanin gonar shekara ko ya ci bashi don kada a raina garar 'yarsa, akwai amaryar da ake yi wa gori da yawan buhunan da aka kawo. Masu neman a soke gara suna da hujja, sai dai ya kamata a tuna abin da aka ƙirƙire ta dominsa: yarinya ce aka raba da gidansu, ana nema mata masu riƙe ta a gidan da ta je. Kwano guda na alkakin da gwaggo ta soya da hannunta yana isar da wannan saƙo, kuma babu wanda zai ci bashi dominsa.