Tseren Karnuka a Birtaniya: Ƙwaya, Caca da Dokar da Ta Makara

Ranar 24 ga Yuli, 1926 aka yi tseren farko a filin Belle Vue da ke Manchester, inda karnukan farauta masu dogayen ƙafafu, irin da ake kira greyhound, suka fafari zomon bogi da inji ke ja. Dabarar daga Amurka ta zo, wani mai suna Owen Patrick Smith ne ya ƙirƙiro ta. Nan da nan ma'aikatan masana'antu suka samu wurin caca a cikin gari bayan an tashi aiki. Kuɗi suka kwararo, maguɗi ya biyo baya. A 1928 aka kafa ƙungiyar National Greyhound Racing Club don ta tsara dokoki ta kuma ba masu horarwa lasisi, amma 'yan cikin harkar ne ke sa wa kansu ido.

Mutane sun ɗauka ƙwayar ƙara gudu ce babbar matsala. Akwai ta, amma wadda ta fi cin amana ita ce ta rage gudu. Ana haɗa karnuka ne aji-aji bisa saurin da kowanne ya nuna a baya. Mai horarwa maras tsoron Allah sai ya ɗura wa karensa maganin kasala, ko ya cika masa ciki da abinci dab da tsere. Karen ya sha kaye sau biyu ko uku, a mayar da shi ƙaramin aji, 'yan caca su yanke ƙauna da shi, ribar da ke kansa ta hau. Ranar da aka sake shi garau, sai ubangidansa ya kwashe kuɗin. Dabbar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba ita ke shan wahalar. Saboda irin wannan ne ake auna nauyin kowane kare kafin tsere, a cire shi idan ya bambanta da awon baya da fiye da kilo ɗaya, a killace shi, a kuma ɗebi fitsarinsa zuwa ɗakin gwaji.

Abin takaici, kusan kowane gyara sai da asiri ya tonu aka yi shi. A 2006 jaridar Sunday Times ta bankaɗo wani fili a Seaham inda ake kashe karnukan da suka daina kawo kuɗi ana binnewa. Bayan haka rahoton binciken da Lord Donoughue ya yi kan harkar ya fito a 2007, aka haɗe tsofaffin hukumomi biyu suka zama Greyhound Board of Great Britain a 2009. Dokar Ingila ta 2010 ta wajabta kasancewar likitan dabbobi a kowane tsere, da dasa wa kowane kare 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, da rubuta raunukan da aka samu. Sai dai dokar ta tsaya a filin tsere, ba ta leƙa gidajen masu horarwa ba, alhali can ne kare ke kwana, can kuma ake ba shi abin da ake ba shi.

A 2014 shirin Panorama na BBC ya ɗauki wani mai horarwa a ɓoye yana bayanin yadda yake rage wa karnukansa gudu da magani. A maƙwabciya Ayalan kuma, an gano burbushin hodar iblis a jikin Clonbrien Hero, karen da ya ci babbar gasar Cork a 2017.

Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya matsa lamba a 2016, sannan hukumar Greyhound Board of Great Britain ta fara wallafa alƙaluman rauni da mutuwa a 2018. A ganina wannan ya fi duk wani gwajin fitsari tasiri, domin daga nan jama'a suka fara muhawara da hujja a hannu. A Fabrairun 2025 gwamnatin Wales ta sanar cewa za ta haramta tseren gaba ɗaya.