Sawun Takalmi a Matsayin Hujja: Nazari daga Jalingo

Idan aka fasa shago da dare a Jalingo, kafin 'yan sanda su iso maƙwabta sun cika wurin, masu jaje da 'yan kallo. Kowa ya taka, ya ɗora sawunsa a kan na ɓarawo. Wannan maƙala ta dubi hujjar da ke salwanta a wannan sa'a ta farko, da iyakar abin da sawu zai iya tabbatarwa.

Bin sawu tsohuwar sana'a ce a ƙasar Muri. Makiyayin da aka kore wa shanu, ko mafarauci, yakan tsuguna ya karanta ƙasa: mutum nawa ne, ina suka nufa, wane ne ke ɗauke da kaya, tunda sawunsa ya fi nutsewa. Ilimi ne na gaske, sai dai a kan mai shi yake zaune, alƙali kuwa abin da za a ajiye a gabansa yake nema. Sashe na 68 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar sauraron ra'ayin ƙwararre kan al'amarin kimiyya, amma ƙwararren sai da abin aunawa.

Masana sun kasa alamomin sawu gida biyu. Akwai na ƙira, wato zanen ƙasan takalmi da lambarsa, waɗanda duk takalman da suka fito daga mazubi ɗaya suka yi tarayya a kai. Akwai kuma na tafiya: gefen dunduniyar da ya cinye, yankan kwalba, hujin ƙusa, facin mai gyaran takalmi. A nan kasuwar Jalingo ke da abin koyarwa. Takalmin robar da makiyaya ke sawa, da silifas, ana sauke su dila-dila, zanensu ɗaya. Samun irinsu a ƙafar wanda ake zargi ba ya nuna komai sai cewa yana cikin ɗimbin masu irinsa. Takalmin da aka yanka daga tsohuwar taya kuwa daban ne, domin wuƙar mai yi ba ta bin layi ɗaya sau biyu, kuma tayar ta riga ta sha hanya kafin ta zama takalmi.

Ƙasar ma tana da nata hukunci. Damshin yashin bakin kogin Mayo Gwoi yana riƙe zane tsaf, busasshe kuwa bakinsa zubewa yake. Da damina ruwa ɗaya ya isa ya shafe komai, da hunturu iska ce. Shi ya sa ake fara ɗaukar hoto daga sama sak, da ma'auni a gefe, ana haska tocila a karkace don inuwa ta fito da ƙananan ramuka. Bayan nan a dama garin da likitocin haƙori ke amfani da shi, a zuba a hankali daga gefe, a bari ya daskare.

Ko a ƙasashen da suka daɗe a fannin, ana jan kunne. A shari'ar O. J. Simpson ta 1995 a Amurka, William Bodziak na hukumar FBI ya shaida cewa sawun jinin da aka samu a inda aka yi laifin na takalmi samfurin Bruno Magli ne mai lamba 12, amma ba a samu takalmin ba, don haka shaidar ta tsaya a ƙira. A 2016 kwamitin masana kimiyya masu ba shugaban Amurka shawara ya ce babu isasshen gwajin da ya tabbatar da ingancin danganta sawu da takalmi guda tak. Wannan gargaɗi ya fi nauyi a inda zargi kaɗai kan jawo wa mutum dukan taron jama'a.

A ganin wannan nazari, matakin da ya fi gaggawa a Taraba ba ya buƙatar ɗakin gwaji. 'Yan banga da masu unguwanni, waɗanda su ke fara isa, a koya musu su tsayar da mutane nesa, su kifa kwano ko roba a kan sawun, su ɗauki hotonsa da waya kafin rana ta busar da shi.