Daga Birnin Ƙonni zuwa Tirmini: ina sunayen mamatanmu?

A gidan tarihi na Auschwitz da ke ƙasar Folan, akwai ɗakin da takalma ne kawai jibge a bayan gilashi, har da na yara ƙanana. Gaba kaɗan akwatunan tafiya ne, da sunayen masu su a rubuce a jiki. Mutum wajen miliyan 1.1 ƴan Nazi suka hallaka a wurin, galibinsu Yahudawa. Tun 1947 ake tattara kayansu da sunayensu, don kada wani ya zo gobe ya ce ba a yi ba.

Masifa ba a gwada ta da wata masifa, amma mu ma an zubar da jini a ƙasar nan. A 1899 ayarin sojan Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu cikin Afrilu. Cikin Mayu suka auka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau ba a san iyakarsa ba. Kanar Klobb, da gwamnatinsu ta turo ya tsayar da su, ya tarar da gawarwakin yara rataye a bishiya, shi ma Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku, sojojin Voulet da Chanoine suka juya musu baya, suka kashe su duka biyun.

Ayarin bai tsaya ba. Faransa na riƙe da Damagaram a zuciya tun kisan Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898. A ƙarshen Yulin 1899, dawakin Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka fuskanci bindigogi da igwa a Tirmini. Birnin Zinder ya faɗi, aka bi sarki aka kashe shi cikin Satumba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: kaburburan Voulet da Chanoine suna nan a Maijirgi, kowa ya san wurinsu. Manomin da aka yanka a Ƙonni fa? Barden da ya faɗi a Tirmini fa, wa ya san sunansa?

Ƴan'uwa, wanda kakarsa ta ba shi labarin nan, ya zauna da dattawan gidansu, ya ɗauki muryarsu a waya, ya rubuta suna da gari. A kai wa gidan tarihi na Zinder da fadar Sarkin Damagaram tun tsofaffin nan suna raye. Allah ya jiƙan magabatanmu.