Fiyano: Asalin Sunan da Ma'anarsa

Fiyano kayan kiɗa ne mai madannai da tsirkiyoyi, sunansa kuwa daga Italiyanci ya samo asali. A harshen, "piano" na nufin a hankali ko ƙasa-ƙasa, "forte" kuma na nufin da ƙarfi. Cikakken sunan shi ne "pianoforte", kafin bakin jama'a ya gutsure rabinsa.

Sunan yana da dalili. Kafin fiyano, abin da ake ji da shi a fadodin Turai shi ne "cembalo". Idan aka danna madanninsa, wani ɗan tsinke ne ke fizgar tsirkiya, kusan yadda makaɗin molo ke yi. Ko makaɗi ya danna da ƙarfi ko ya taɓa a hankali, amon kusan ɗaya ne. Bartolomeo Cristofori, mutumin Padua da aka haifa a 1655, shi ya warware wannan matsala a birnin Florence, inda yake yi wa Yarima Ferdinando na gidan Medici aiki. Ya sauya tsinken da ƙananan gudumomi masu bugun tsirkiya su koma baya nan take, su bar ta tana amo. Daga nan nauyin yatsa ya zama shi ke iko da ƙarfin sauti, kuma wannan ba ƙaramar basira ba ce. Takardar ƙidayar kayan kiɗan gidan Medici ta 1700 ta ambaci sabon kayan, ta siffanta shi da mai yin amo ƙasa-ƙasa da kuma mai ƙarfi. A 1711 marubuci Scipione Maffei ya wallafa bayaninsa, labari ya bazu. Uku daga cikin waɗanda Cristofori ya ƙera suna nan har yau: na 1720 a New York, na 1722 a Roma, na 1726 a Leipzig.

Jamusawa sun bi wata hanyar, suna kiransa "Klavier", daga kalmar Latin "clavis", wato mabuɗi. A zamanin makaɗin nan Bach kalmar ta haɗa duk kayan kiɗa mai madannai, daga baya ta tsaya a kan fiyano.

A Hausa ma'anar faɗaɗa ta yi. Na'urar lantarki mai madannai da ake haɗa waƙoƙin fim da ita a situdiyo, ita ma fiyano ake ce mata, ko da yake ba ta da tsirkiya ko guduma. Fiyano na asali a yau madannai 88 gare shi, farare 52, baƙaƙe 36.