Gyambon Ciki da Ƙwayar Cutar da Likitoci Suka Daɗe Suna Musun Ta

A zangunanmu, in aka ce wane yana da gyambon ciki, wato olsa, hukuncin da ake yankewa bai wuce biyu ba: ko yana zama da yunwa, ko tunani ya yi masa yawa. Sai a kawo masa madara, wata tsohuwa ta jiƙa masa kanwa. Kada mai karatu ya yi gaggawar yi mana dariya, domin manyan likitocin Turai da Amurka sun shafe shekaru masu yawa a kan ra'ayi makusancin wannan.

Hujjarsu ita ce tumbin ɗan Adam cike yake da ruwa mai tsananin tsami, wanda a ganinsu babu halittar da za ta rayu a cikinsa. Alhali tun a 1893 wani masani ɗan Italiya, Bizzozero, ya ga ƙwayoyi masu lauje a tumbin karnuka. A 1954 wani likita a Amurka, Palmer, ya duba fiye da samfur dubu na naman tumbin mutane, ya ce bai ga kome ba, maganar kuwa ta kwanta. A ƙasar Girka har tara aka ci wani likita, Lykoudis, saboda yana ba masu gyambo maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga shi kuwa shi ne a kan daidai.

A 1979, a birnin Perth na Ostireliya, Robin Warren ya sake ganin ƙwayoyin a jikin tumbi mai kumburi. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya faskara, saboda ma'aikata na zubar da faranti bayan kwana biyu. A hutun Ista na 1982 aka bar wasu faranti kwanaki da dama, da aka dawo sai ga ta ta tsiro. Duk da haka abokan aiki ba su gaskata ba. A 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ya rene ta a ciki ya kwankwaɗe. Cikin 'yan kwanaki amai ya kama shi, aka leƙa tumbinsa aka tarar ya kumbura. Ni dai ban san ko jarumta zan kira wannan ko ganganci ba. A 2005 su biyun suka karɓi lambar Nobel.

Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. Dabararta ita ce ta kutsa cikin majinar da ta lulluɓe bangon tumbi, tana fitar da sinadarin amoniya da ke kashe kaifin tsami a kewayenta. A nan take haddasa kumburin da kan daɗe, wanda ga wasu yake zama gyambo. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi.

Daga baya aka gane ba ita kaɗai ke zaune a wurin ba. Wani bincike na 2006 a kan mutum 23 ya ƙirga nau'i 128 na ƙwayoyi a tumbi. Idan Helicobacter ta kafu, takan rinjayi sauran, yawan nau'o'insu ya ragu. Idan kumburin ya shekara da shekaru, sassan da ke samar da tsami sukan lalace, tsamin ya yi rauni, sai ƙwayoyin baki da na hanji, waɗanda a da ba su iya zama, su sami masauki, ita kuma ta fara ja da baya a gidan da ta ɓata. Masana na zargin wasu daga cikin waɗannan baƙi da hannu a dajin tumbi, ana kuma kan bincike.

Ƙwayar ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Binciken 2007 ya nuna ta fita daga Afirka ne a cikin tumbin mutane, kimanin shekaru 60,000 da suka wuce. Galibi tun yarinta ake kamuwa da ita, a cikin gida, musamman inda ake cunkoso kuma ruwan sha ba shi da tsabta, kuma mafi yawan masu ɗauke da ita ba sa jin ciwon kome. A 1992 wani likita da ya yi aiki a Maiduguri, Holcombe, ya rubuta cewa ƙwayar ta game jama'a a arewacin Nijeriya amma dajin tumbi bai yawaita ba. Wasu suka amsa masa cewa ƙarancin asibiti da gwaji ne ya ɓoye masu ciwon.

Yau ana gano ta da gwajin numfashi ko na bayan gida, a kashe ta da magunguna uku ko huɗu a haɗe, na kwana goma zuwa sha huɗu. Mai sayen kafso biyu a kemis ya sha ya bari, ba ya kashe ta. Yana koya mata jure magani ne, yana kuma karkashe ƙwayoyi masu amfani a hanjinsa. Madara da kanwa kuwa zafin kawai suke kwantarwa na ɗan lokaci, ƙwayar tana nan inda take.